Me ya sa bayanan taswira ke rikicewa idan an shigar da su manhajar intanet ko an fitar da su?

Ɗalibar Taswira:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman taimakonku a kan wata matsala da ta hana ni sakat tun makon jiya, kuma na ga gara in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani da in ci gaba da lalube a cikin duhu.

An ɗora mini alhakin tattara bayanan wani aikin dashen itatuwa a kan taswira guda, wadda za a ajiye a intanet domin duk mai hannu a aikin ya iya dubawa daga inda yake. Bayanan sun iso gare ni ta hanyoyi uku. Akwai fayilolin GPX da abokan aikina suka sauke daga na'urorin GPS bayan sun zagaye filayen da ƙafa. Akwai iyakokin wasu filaye da wani ma'aikacin safiyo ya auna ya aiko mini da su a matsayin Shapefile. Akwai kuma jadawalin Excel mai ɗauke da sunayen rijiyoyin da ake ban ruwa da su da lambobin wurarensu, wanda mutane daban-daban suka cike a lokuta daban-daban.

Fayilolin GPX ne kaɗai suka shiga manhajar taswirar da nake amfani da ita ba tare da gardama ba, amma su ma layuka suka fito, ba filayen da za a iya sanin faɗinsu ba. Da na ɗora fayil mai ƙarewa da .shp, manhajar ta ƙi karɓa. Na haɗa shi da sauran fayiloli biyu da suka zo tare da shi, na dunƙule su a zip, sai ta karɓa, amma babu fili ko ɗaya da ya bayyana a inda ya kamata. Jadawalin kuwa, bayan na mayar da shi CSV na shigar, wasu rijiyoyin sun zauna daidai, wasu sun faɗa tsakiyar teku, wasu sun tsallaka wata nahiya, wasu kuma sun kauce da tazarar kilomita da dama. Sunayen da ke da ƙ da ɗ da ɓ duk sun rikiɗe sun koma wasu alamomi marasa ma'ana.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fitarwa. Na ɗauki ɓangaren da ya zauna daidai, na shafe kwana biyu ina saka masa launuka da alamomi, sannan na fitar da shi a matsayin Shapefile domin in mayar wa mai safiyon. Da ya buɗe, babu launi ko ɗaya, kuma sunayen guraben jadawalin sun gutsure, har guda biyu suka kusa zama iri ɗaya.

Don Allah, wane nau'in fayil ne ya fi dacewa in tsaya a kansa? Kuma ta ina zan fara gyara, tun da ba na so in sake tura mutane fili su maimaita aikin da suka riga suka wahala a kai?

Tsohon Ma'aikacin Safiyo:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, domin a cikin duk abin da kika lissafa ban ga wanda zai sa a sake komawa fili ba. Na fara aikin awon ƙasa tun ana zana taswira da hannu a kan takarda, kuma abin da na lura da shi shi ne, ba safai lambobin kansu ke lalacewa ba, abin da ke faɗuwa a hanya shi ne bayanin yadda za a karanta su. Fayil na taswira yana ɗauke da siffa, wato ɗigo ko layi ko kewayen fili, yana ɗauke da jadawalin da ke faɗin ko mece ce kowace siffa, sannan akwai tsarin awon da ke ba lambobin ma'ana a doron ƙasa. Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa da shi, kuma ina da ƙarfin zato shi ne ya kuɓuce miki.

Shapefile ba fayil ɗaya ba ne, duk da sunansa. Kamfanin Esri ne ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1990, ya kuma wallafa bayanin tsarinsa a 1998, shi ya sa kusan kowace manhajar taswira ta san shi. Fayil mai .shp siffofi kawai ke cikinsa, mai .shx fihirisa ce da ke nuna inda kowace siffa ta fara, mai .dbf kuma shi ne jadawalin. Waɗannan uku wajibi ne su tafi tare da suna iri ɗaya, kuma dalilin da ya sa manhajojin intanet ke neman a dunƙule su a zip ke nan. To, kin ce biyu ne suka zo tare da na farkon. Ke nan uku gare ki, babu na huɗu mai .prj, wanda ɗan gajeren rubutu ne da ke faɗin tsarin awon da aka yi aikin da shi. In babu shi, sai manhajar ta yi kirdado, kuma yawanci takan ɗauka lambobin digiri ne.

Ki sauke manhajar taswira mai suna QGIS a kwamfutarki, ki buɗe fayil ɗin a can, ki dubi lambobin iyakarsa. Idan ƙanana ne, babu wadda ta wuce 180, to digiri ne. Idan kuwa kika ga lamba mai alƙaluma shida a gefen gabas da mai shida ko bakwai a gefen arewa, mita ne, kuma mafi yawan lokaci tsarin UTM ne, domin masu safiyo sun fi son aiki da mita. A wannan tsari an yanka duniya yanki 60, kowanne faɗin digiri 6, kuma layin tsakiyar kowane yanki an ba shi lamba 500,000. Ma'anar wannan ita ce, lambobin da ke hannunki suna da wurin zama a cikin kowane ɗaya daga cikin yankunan sittin, kuma su kaɗai ba za su faɗa miki wanne ne naki ba. Kuskuren yanki ɗaya tak yana gusar da fili da digiri 6, wanda a kusa da ikwaita ya haura kilomita 660. Kowane tsari yana da lambarsa a kundin EPSG, wanda ya tattara tsare-tsaren awo na duniya: yankunan arewa a kan WGS 84, wato tushen awon da GPS ke aiki da shi, sun fara daga 32601 zuwa 32660, na kudu daga 32701 zuwa 32760, digirin da GPS ke bayarwa kuma 4326 ne.

A nan ne nake so ki nutsu, domin nan ne mutane da yawa ke ɓata aiki da hannunsu. Faɗa wa manhaja tsarin da lambobi suke a kai daban, juya lambobin zuwa wani tsari kuma daban. Idan mutum ya auna tsawon ɗaki da ƙafa ya rubuta 30, sai wani ya zo ya goge kalmar ƙafa ya rubuta mita, ɗakin bai canza ba, rubutun ne ya zama ƙarya. Haka ne idan kika liƙa wa fayil mai mita lambar 4326 kawai domin manhajar intanet ta karɓa. Hanyar da ta dace ita ce ki fara da umarnin Assign Projection da ke cikin QGIS, ki ba shi tsarinsa na gaskiya, sannan ki bi da Reproject Layer, wanda zai yi lissafi ya mayar da mita zuwa digiri. Wannan sabon fayil ɗin ne za ki ɗora.

Kada ki yanke hukunci da ido a kan wane ne tsarin gaskiyar. Ki tambayi wanda ya yi awon ya faɗa miki yankin da kuma tushen awon da ya ɗora aikin a kai. Ƙasashe da dama suna da tsofaffin tushen awo nasu da suka girmi GPS, kuma bambancinsu da WGS 84 yakan kai daga gomman mita zuwa ɗaruruwa. Ni wannan kuskuren na fi jin tsoro a kan na teku, domin filin da ya faɗa teku kowa zai gani, amma wanda ya gusa da mita tamanin zai zauna a kan taswira kamar lafiya ƙalau, har ranar da aka zo maganar iyaka.

Game da GPX, abin da kika gani shi ne halinsa. Kamfanin TopoGrafix ne ya fitar da shi a 2002, siga ta 1.1 da aka fi amfani da ita kuma ta biyo baya a 2004. Wurare guda-guda yake ɗauka, da hanyar da aka tsara za a bi, da sawun tafiyar da aka yi, babu kewayen fili a cikinsa. Ya shiga ba gardama ne saboda ko da yaushe a kan WGS 84 yake. A QGIS akwai Lines to Polygons da zai rufe miki layukan, amma ki fara duba ƙarshen kowane sawu, ki datse inda mai tafiyar ya wuce wurin da ya fara ko ya manta bai kashe na'urar ba. Kuma inda sawun GPS na hannu ya saɓa da awon mai safiyo da 'yan mitoci, awon mai safiyon za ki riƙe.

Malama Mai Koyar da Taswira:

Baba ya gama da Shapefile, Allah ya ƙara masa lafiya. Ƙanwata, bari ni kuma in tsaya a kan jadawalin, domin yadda kika siffanta shi ya nuna ba cuta ɗaya ke damunsa ba, kowane mai cikewa ya bar tasa.

Kafin ki taɓa komai, ki ajiye kwafin asali a gefe. Sannan ki jera gurbin latitud daga ƙaramar lamba zuwa babba, ki dubi sama da ƙasa, ki yi haka ga gurbin lonjitud. Aikin da aka yi a yanki ɗaya lambobinsa kusa da juna suke, don haka duk wadda ta fita daban za ta taso sama ko ta nutse ƙasa, ki gan ta ba tare da kin bi jere ɗaya-ɗaya ba.

Rijiyoyin da suka tsallaka wata nahiya, kusan tabbas an musanya musu latitud da lonjitud ne. Wurin da ke latitud 10 da lonjitud 40 yana ƙasar Habasha, amma da an juya lambobin sai ya koma cikin teku gabas da tsibirin Sardiniya. Ba sakacin masu cikewa kaɗai ke jawo wannan ba, su kansu tsare-tsaren ba su yi ittifaƙi ba. A magana da rubutu mun saba fara faɗin latitud, amma nau'o'in fayil irin su GeoJSON da KML lonjitud suke sawa a gaba, domin shi ne X, latitud kuma Y. Saboda haka kada ki sa wa guraben suna X da Y sai kin tabbatar da wanne ne wanne. Ki rubuta lat da lon a kansu, yawancin manhajoji suna gane waɗannan, kuma idan manhajar ta tambaye ki wane gurbi ne wane, ki karanta tambayar da kyau kafin ki danna. Ki kuma duba alamar ragi: wurin da ke kudu da ikwaita ko yamma da layin Girinwic, inda lonjitud yake sifiri, dole lambarsa ta zo da ita, in an bar ta kuwa wurin zai haye ɗaya ɓangaren duniya.

Waɗanda suka faɗa teku, ki matso da taswirar ki ga ko sun taru a wuri guda. Idan haka ne, a kan latitud 0 da lonjitud 0 suke, a Mashigin Tekun Gini, kuma dalilin shi ne guraben nasu babu komai a ciki ko akwai rubutun da manhajar ta kasa karantawa, sai ta ɗauke shi sifiri. Alamar digiri da aka buga a jikin lamba, ko harafin N ko E, ko sarari a tsakiyar lamba, duk suna iya jawo haka. Akwai kuma kwamfutocin da aka saita su rubuta 12,5 maimakon 12.5, kuma tun da waƙafi ne ke raba gurabe a CSV, irin waɗannan kwamfutoci kan raba da waƙafi mai ruwa, abin da ba kowace manhaja ke ganewa ba. Ki buɗe CSV ɗin a Notepad ki ga ainihin abin da ke ciki, domin Excel yana ɓoye irin waɗannan abubuwa.

Waɗanda suka kauce da kilomita da dama su ne suka fi buƙatar haƙuri. Na'urar GPS tana iya nuna wuri a digiri da minti, mai kwafewa kuma ya ga digiri 12 da minti 30 ya rubuta 12.30. Amma minti 60 ne a digiri, don haka daidai shi ne 12.5, kuma wannan bambancin na 0.2 ya kai kilomita 22, tun da digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne. Alamar da nake gane wannan da ita ita ce, idan na ware jeren da mutum ɗaya ya cike na ga alƙaluma biyun farko bayan aya ba su taɓa wuce 59 ba, to minti ya rubuta. Gyaran kuwa lissafi ne mai sauƙi: digiri, a ƙara minti da aka raba da 60, a ƙara daƙiƙa da aka raba da 3600. Wani abin lura kuma shi ne, Excel yana ajiye lamba a CSV yadda take bayyana a allo. Idan an saita gurbin ya nuna alƙaluma biyu bayan aya, biyun kaɗai za su fita, kuma wannan ya isa ya gusar da rijiya da ɗaruruwan mita. Alƙaluma biyar suna kai ki kusan mita ɗaya, shida kuma kusan santimita goma, abin da ya wuce haka nauyi ne kawai ga fayil.

Haruffa kuma maganinsu UTF-8 ne, wato tsarin ajiye rubutu da ya san haruffa irin su ƙ da ɗ da ɓ. Wajen ajiyewa a Excel ki zaɓi CSV UTF-8, ba CSV zalla ba. Idan kin ga ƙ ta koma Æ™, harafin yana nan lafiya, karatunsa aka yi da tsarin da ba nasa ba, kuma da an buɗe fayil ɗin da UTF-8 zai dawo. Idan kuwa alamar tambaya kika gani a gurbinsa, an riga an shafe shi lokacin ajiyewa, sai kin koma jadawalin asali. Masu rubutun Larabci da Girkanci da Rashanci duk suna fama da irin wannan. A Shapefile kuma akwai ɗan fayil mai .cpg da ke faɗin tsarin haruffan jadawalin, shi ma ya kamata ya shiga zip tare da sauran.

Ɗalibar Taswira:

Baba da Yaya, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tuntuɓi mai safiyon, ya aiko mini da fayil mai .prj da ya manta bai haɗa ba, kuma kamar yadda Baba ya faɗa, UTM ne a kan WGS 84. Na juya shi zuwa 4326, filayen suka zauna a kan hoton tauraron ɗan'adam daidai da layukan itatuwan da ake iya gani. A jadawalin kuma na sami duk abubuwan da Yaya ta ambata in ban da na waƙafi. Mutum ɗaya ya juya guraben a duk jeren da ya cike, wani ya rubuta minti a matsayin ɓangaren digiri, rijiyoyi kaɗan kuma ba a taɓa rubuta lambobinsu ba, su ne suka taru a teku. Waɗannan kaɗai za a koma a ɗauko.

Saura maganar fitarwa, wadda har yanzu ban gane ta ba. Yanzu da komai ya zauna, mutane za su riƙa ƙara sababbin wurare kai tsaye a taswirar intanet. Ta yaya zan riƙa fitar da aikin ba tare da na rasa launuka ko sunayen gurabe ba? Kuma shin taswirar intanet ɗin ta isa ta zama ma'ajiyar aikin gaba ɗaya?

Ɗan Sa-kai Mai Zana Taswira:

'Yar'uwa, amsar tambayarki ta biyu ita ce a'a, kuma daga nan ta farkon za ta warware. Taswirar intanet wurin nunawa ce da haɗa hannu, amma uwar bayanan ya kamata ta zauna a hannunki, a nau'in fayil da ba ya zubar da komai, duk abin da za ki ɗora ko ki aika wa wani kuma ya zama kwafi ne da aka cira daga gare ta.

Abin da ya same ki da Shapefile iyakarsa ce ta asali. Jadawalinsa a kan tsohon tsarin dBASE yake, wanda bai yarda sunan gurbi ya wuce haruffa 10 ba, rubutun cikin gurbi kuma 254. Sunaye irin su adadin_itatuwa_da_aka_dasa da adadin_itatuwa_da_suka_rayu farkonsu ɗaya ne, don haka da an datse su sai manhajar ta liƙa wa na biyun lamba domin ta bambanta su, ma'anar kuma ta tafi. Ba ya ɗaukar launi sam, ba ya haɗa ɗigo da kewayen fili a fayil guda, kuma girmansa yana tsayawa a wajen gigabait 2.

KML shi ne mai riƙe ado. Kamfanin Keyhole ne ya fara shi, Google ya sayi kamfanin a 2004, hukumar OGC mai tsara ƙa'idojin bayanan taswira kuma ta amince da shi a matsayin ma'auni a 2008. Yana ajiye launi da kaurin layi da alama, KMZ kuma KML ne da aka matse tare da hotunan alamomin. Idan burinki wani ya buɗe ya ga taswirar yadda kika ƙawata ta, shi za ki ba shi. Rauninsa a jadawali yake, domin wasu manhajoji kan narkar da duk guraben su zuba su a akwatin bayani guda, kuma raba su daga baya aiki ne mai cin rai. GeoJSON akasin haka ne. Ya fito a 2008, aka daidaita shi a 2016 da takardar RFC 7946, wadda ta tsayar da shi a kan WGS 84 da UTF-8, saboda haka rikicin .prj da na haruffa ba sa tasowa. Yana riƙe sunayen gurabe duk tsawonsu, amma ƙa'idarsa ba ta tanadi launi ba. Wasu manhajoji kamar uMap da geojson.io suna cusa launin a cikin bayanan siffar, sai dai ba kowace manhaja ke karanta abin da wata ta cusa ba. Wannan ya kawo dabarar da nake ba kowa shawara a kai: kada launi ya zama shi kaɗai ke ɗauke da ma'ana. Idan ja yana nufin rijiyar da ta ƙafe, ki buɗe gurbi ki rubuta hakan da kalmomi, ta yadda ko launin ya ɓace, minti biyu sun isa a mayar da shi daga gurbin.

Uwar bayanan kuwa, ni GeoPackage nake zaɓa. OGC ta fitar da shi a 2014, fayil ɗaya ne a kan tsarin rumbun bayanai na SQLite, yana ɗaukar falle da yawa, wato rukunonin siffofi daban-daban, tsarin awo yana cikinsa, kuma QGIS yana iya ajiye launukan a ciki. Ba kowace manhajar intanet ke karɓarsa ba, amma cire GeoJSON ko KML daga cikinsa abu ne na ɗan lokaci, ko ta QGIS ko ta ogr2ogr na GDAL ga wanda ya saba da rubuta umarni. Duk ƙarshen mako ki sauke abin da aka ƙara a intanet a GeoJSON ko CSV, ki duba shi, ki haɗa shi da uwar, ki sa kwanan wata a sunan fayil. Bayan kowace shigarwa ko fitarwa kuma ki ƙirga siffofin, ki tabbatar adadin da ya shiga shi ne ya fito. Manhajoji suna da iyaka, misali Google My Maps falle 10 yake ɗauka a taswira guda da jere 2,000 a kowace shigarwa, kuma ƙirga ce kaɗai za ta nuna miki idan wani abu ya rage a ƙofa. Idan iyakokin filaye sun yi wa burauza nauyi, manhajar Mapshaper tana rage yawan ɗigogin layi.

Abu biyu kuma kafin ki buɗe taswirar ga jama'a. Duk abin da ke cikin jadawalin yana bin fayil ɗin, har guraben da ba sa bayyana a allo, don haka ki cire sunayen mutane da lambobin wayarsu daga kwafin da za ki ɗora, ki kuma tuna sawun GPX yana ɗauke da lokacin da aka taka kowane wuri. Sannan idan kin ɗauko hanyoyi ko koguna daga OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai ke zanawa a intanet, lasisin ODbL da suke kai tun 2012 ya wajabta ki ambaci masu gudummawar a jikin taswirar. A ganina ma, lokaci ya yi da za a daina musayar Shapefile gaba ɗaya.

Tsohon Ma'aikacin Safiyo:

Ɗana, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, musamman maganar uwa da kwafi, amma ban bi ka a kan jumlarka ta ƙarshe ba. Wanda za a aika wa fayil shi ke da ikon faɗin abin da manhajarsa ke buɗewa, kuma har yau akwai ofisoshi da na'urorin awo da Shapefile suka fi sani. Idan shi mai safiyon ya nema, 'yata, ki ba shi, amma ki gajarta sunayen guraben da kanki zuwa haruffa goma na boko marasa lanƙwasa kafin fitarwa, ki haɗa masa da 'yar takarda mai fassara kowane suna, ki kuma tabbatar .prj da .cpg suna cikin zip ɗin.

Akwai kuma abin da ba a ambata ba, wanda ya shafi aikinki kai tsaye tun da faɗin filaye za a tambaye ki. Yawancin taswirorin intanet suna nuna duniya a tsarin Web Mercator ne, mai lamba 3857, kuma wasu manhajoji kan fitar da fayil a kan wannan tsari. Lambobinsa mita ne, abin da ke sa mutum ya ɗauka zai iya lissafin faɗi da su kai tsaye, alhali tsarin yana kumbura ƙasa gwargwadon nisanta daga ikwaita. A latitud 30 faɗin fili yana ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku, a latitud 60 kuma yana ninkuwa huɗu. Saboda haka duk hektar da za ki rubuta a rahoto, ki lissafa ta daga fayil ɗin UTM na asali, ba daga abin da kika sauke daga intanet ba, ba kuma daga kwafin da aka rage wa ɗigogi domin ya yi sauƙin buɗewa ba. Wannan kwafin na kallo ne, kada ya taɓa komawa cikin uwar.

Idan 'yan'uwanki za su koma ɗauko rijiyoyin da suka rage, ki roƙe su su saita na'urorin a kan WGS 84 da digiri mai aya tun kafin su fita, su kuma tsaya a kan kusurwa ɗaya ta filin da mai safiyon ya auna, su ɗauki lambarta. Ki kwatanta ta da wadda ke cikin fayil ɗinki, ki dawo ki faɗa mana mita nawa ne tsakaninsu.